Yadda Na Kai Cigiyar Kasuwar Yankara Kigali

Tun da na dawo ban samu na sha shayi a natse ba. Da na zauna a majalisarmu ta bakin tasha a Faskari sai wani ya jawo benci ya ce, to Malam Ashiru, da gaske ne a can ba a yar da ko ɓawon gyaɗa a titi? Wani abokina na Sabuwa da muka shekara biyu ba mu gaisa ba, shi ma sai ga kiransa, wai ya ji an ce na je na koya wa Turawa kwamfuta. Ban koya wa kowa kwamfuta ba. Na gaji da gyara labarin a bakin mutane, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa.

Dole in fara da abin da ya kai ni, in ba haka ba za a ɗauka yawon buɗe ido na je. Ni malamin kwamfuta ne a wata sakandare a Faskari. Shekara biyu da suka wuce na buɗe wa 'yan uwana malamai aji ranar Asabar, ina koya musu rubuta manhaja da yaren C++. A cikinmu akwai Malama Saratu, 'yar Pauwa ta ƙasar Ƙanƙara, malamar lissafi, wadda ta fi mu kai mu duka, har da ni mai koyarwar. Muna rubuta wata 'yar manhaja ce da za ta jera buhunan masara bisa danshinsu, don manoma su san wanda za a fara shanyawa kafin ya yi fumfuna.

Mai rubuta manhaja ba da na'ura yake magana kai tsaye ba. Akwai tafinta a tsakani, ana ce masa kwamfaila. Shi ke juya abin da ka rubuta zuwa yaren na'ura, in ka yi kuskure kuma ya tsaya ya rubuto maka saƙo. Sannan akwai abin da ake kira tamfilet, wato aikin da aka rubuta sau ɗaya don ya yi wa kowane irin abu, kamar tandar waina da ba ruwanta ko ƙullun shinkafa ka zuba ko na masara. Matsalar ita ce tamfilet ɗaya yana kiran wani, wancan ya kira wani, har a yi nisa. Wata Asabar Malama Saratu ta kira tamfilet ɗin jera abubuwa ta ba shi buhuna, amma ta manta ba ta faɗa masa yadda za a gane wane buhu ne gaba da wane ba. Layi ɗaya tak ta manta. Kwamfaila ya zubo mata saƙo mai layi sama da ɗari uku, duk sunayen fayil-fayil da ba ita ta rubuta ba, nata layin yana can maƙale kusa da ƙarshe. Ta yi ta ja ƙasa, ta yi ta ja, sannan ta rufe kwamfutar a hankali.

“Malam Ashiru,” ta ce, “wannan abu ba don irinmu aka yi shi ba.”

Ba ta sake zuwa ajin ba. Maganar nan ta yi mini ciwo ƙwarai, don na san ba kanta ne ya gaza ba, saƙon ne bai iya magana ba.

Kwamfailan da muke amfani da shi na jama'a ne, kowa a duniya yana iya aika gyara, manyan aikin su duba su karɓa ko su ƙi. Na yi wata da watanni ina tonon cikinsa har na haɗa gyaran da zai sa saƙo ya fara da layin mai rubutu, ya faɗi abin da aka rasa, ya ba da shawara, sauran tulin kuma ya koma ƙasa. Na aika. Wanda ke riƙe da sashen saƙonni wani dattijo ne Bature mai suna Tomas, ya fi shekara ashirin a kan aikin. Ya ƙi gyarana da dogon bayani. Na rubuta masa, na gode, zan duba. Na ɗan taɓa na sake aikawa, ya sake ƙi, na sake cewa na gode. Ina da amsar maganganunsa a cikina, amma mutumin sa'an mahaifina ne, shafin kuma ɗaruruwan mutane ke karanta shi. A gidanmu ba a musu da babba a gaban jama'a. Ana bari a watse, a bi shi gida, a durƙusa a faɗa masa. To ni ina zan ga gidan Tomas? Ana cikin haka sanarwa ta zo cewa gyaran da mai shi bai kare shi ba za a rufe shi a ƙarshen wata. A satin kuma aka ce masu aikin za su haɗu a Kigali ta ƙasar Ruwanda, za a ɗauki nauyin wasu daga cikin 'yan Afirka masu aika gyara, kuma Tomas zai zo. Da na ga sunana a cikin waɗanda aka zaɓa, na tashi na zagaya ɗaki sau uku ina murna, har mai ɗakina ta leƙo ta tambaya ko lafiya.

Kafin in tafi na je Yankara sallama da Baba. Mahaifina shi ne mai shela na kasuwar Yankara tun kafin a haife ni, sai da lasifika ta zo, ƙafa kuma ta fara ba shi wahala, sannan ya zauna. Ya tambayi abin da zai kai ni. Na yi ta kame-kame ina neman yadda zan yi masa bayani, har na kawo masa labarin Malama Saratu, shi kuwa ya fi ni saurin ganewa.

“Wato tafintan nan naku, in akuya ta ɓace, sai shi fara da kakan mai akuyar?”

Na ce haka ne, Baba.

“To bai iya cigiya ba. Cigiya abu ukku ce: mi ya ɓace, ina aka rabu da shi, ina za a kai shi. Ka hwaɗi na farko kafin mutum shi maida kai ga cinikinshi. Kuma kar ka taɓa hwaɗin wanda kake zargi, wanga ba aikinka ba ne.”

Na riƙe ukun farko da kyau. Na huɗun kuwa ya shiga ta wannan kunne ya fita ta wancan, don a lokacin hankalina yana kan jirgi.

Da sassafe na kama hanya, don kowa ya san ba a barin rana ta yi nisa a hanyarmu. A motar Funtuwa na zauna kusa da wani Alhaji mai fataucin masara daga Tafoki, wanda ya ga jakata ya ce Umara za ni. Na ce a'a, Ruwanda. Ya ce me ake sarowa a can? Na ce gyaran saƙo zan je. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce Allah ya shirya 'yan boko, sannan ya ba ni goro. A kowane shinge da aka tsayar da mu, kafin in buɗe baki shi zai ce wa jami'in, wannan malamin namu ne, ƙasar waje za shi gyaran saƙo. Har muka rabu a Funtuwa bai daina yi mini dariya ba, amma shi ya ɗauko mini jakata daga but ɗin motar da kansa. Daga nan na bi ta Zariya zuwa Kaduna, na hau jirgin ƙasa zuwa Abuja, na kwana gidan wani ɗan ajinmu, washegari na hau jirgin sama karo na farko a rayuwata. Duk addu'ar da na sani na karanta ta kafin ya tashi. Da ya daidaita a sama kuma murna ta kama ni, na yi ta leƙen taga har wuyana ya ƙage.

Abin kunya na farko a filin jirgin Kigali ya same ni. Fasfo da katin rigakafi duk sun wuce lafiya. Sai wata jami'a ta ce in buɗe jaka. Ashe ƙasar nan an hana leda, ba a shiga da ita sam. Ni kuwa mai ɗakina ta ɗaure mini ƙuli-ƙuli da dakuwa da yaji, kowanne a leda uku-uku, ga takalmina a leda, ga sabuwar hular da na saya wa Tomas tsaraba ita ma a leda. Jami'ar ba ta ɗaga murya ba. Ta tsaya tana murmushi ina kwance ƙulli ɗaya bayan ɗaya, gumi yana keto mini, mutane suna wucewa suna kallo. Da na zo kan yaji ya tashi, ita da abokin aikinta suka hau atishawa. Na ba su haƙuri da Turanci da Hausa a haɗe. Aka ba ni jakunkunan takarda na juye komai. Na ɗan ji haushin ledojina, amma da muka fito na ga kwalbati tas babu baƙar leda ko ɗaya a maƙale, sai na tuna kwatamin bayan makarantarmu, haushin ya wuce.

Garin duk tudu ne da gangare. 'Yan acaɓarsu kowa da hular kwano biyu, ɗaya tasa ɗaya ta fasinja, kuma mutum ɗaya ake ɗauka. Na cire hulata na cusa a aljihu na sa kwanon, ina tunanin ɗan acaɓarmu na Faskari da ke ɗaukar mutum biyu da buhu da kaza. Masaukina ɗan ƙaramin gida ne a kan tudu, mai kula da shi wata dattijuwa ce da ba ta jin Turanci sosai, ni kuma ba na jin yarensu ko Faransanci. Da hannu muka yi ta magana. Na nuna mata alamar salla, ta fahimta nan take, ta kai ni taga ta nuna mini gefen da masu salla da suka sauka a baya ke fuskanta. Na duba a waya, daidai ta nuna. Da na kwance kaya sai na tarar jakar yajin ta yage, ya zube a kan hular Tomas. Na kakkaɓe ta iya ƙoƙarina na rataye a taga.

Abinci kuwa, ayaba suke dafawa da miya kamar yadda muke dafa doya, ga wake a kusan kowane ci. A gidan abinci kai za ka zuba da kanka, amma sau ɗaya ake zubi, don haka za ka ga mutum siriri ya gina tsauni a faranti. Ni da kunyata na ɗebi ɗan kaɗan kamar baƙo a gidan surukai, ina jiran a ce in ƙara. Ba wanda ya ce. Ranar nan ƙuli-ƙuli ne ya cece ni, shi ma a ɗaki na ci, don na lura ba a tafiya ana ci a titi. Ranar Juma'a na je masallaci a unguwar Nyamirambo, inda Musulmi suka fi yawa, na samu tsiren akuya da shayi mai madara da citta. Sai a nan cikina ya yarda cewa ba a yashe shi ba.

A ranar ce kuma aka buɗe taron. Mu kusan arba'in ne a wani zaure. Wata 'yar ƙasar mai suna Uwase ta tarbe ni, ita ma mai aika gyara ce, ta ce ta karanta nawa tun farkon aika shi kuma yana burge ta. Ta tambaye ni me ya sa na janye shi. Na ce ban janye ba. Ta ce ai duk sun ɗauka na janye, tunda sau biyu aka kawo hujja na ce na gode na yi shiru. A wurinsu wanda bai mayar da amsa ba ya yarda an kayar da shi ke nan. Ashe ladabin da nake ta yi wata takwas, su a ganinsu sallamawa ce.

Ta nuna mini Tomas. Dogo ne, furfura fat, da gajeren wando da silifa, yana zaune a ƙasa yana gardama da wata yarinya da ba ta kai 'yarsa ba, tana kiran sunansa gatsau tana ce masa ya yi kuskure, shi kuma yana gyaɗa kai yana dariya. Ni dai bakina bai iya ba. Baba Tomas na ce masa tun daga gaisuwar farko. Ya ce Tomas kawai ya isa. Na ce to, Baba Tomas.

Bayan la'asar na yi abin da ya kawo ni. Na bari aka watse, na bi shi masaukinsa, na same shi a baranda yana shan gahawa. Na gaishe shi, na tambayi gajiya, na tambayi iyali, na tambayi sanyin ƙasarsu. Ya amsa yana kallona kamar mai jiran a faɗa masa an yi rasuwa. Na miƙa masa hular da hannu biyu. Ya ji daɗi sosai, ya ɗora a ka a karkace, ya yi atishawa sau biyu. Sannan na sassauta murya na fara kawo maganar gyarana. Ban kai rabi ba ya ɗaga hannu.

“Kar ka faɗa mini a nan,” in ji shi. “Abin da muka yi mu biyu a baranda ba ya cikin lissafin aikin. Gobe da rana kana da minti goma sha biyar. In ina da kuskure, ka faɗa a gaban kowa, don su ma su ji.”

Na fito na kama hanyar masaukina. Na baro Faskari, na hau mota da jirgin ƙasa da jirgin sama don kawai in guje wa musu da dattijo a bainar jama'a, ga shi dattijon da kansa ya ce sai a bainar jama'ar.

Washegari Asabar ce ta ƙarshen wata, ranar da suke aikin gayya a ƙasar baki ɗaya. Da safe ba mota ba shago, kowa ya fito da fartanya ko tsintsiya. Dattijuwar masaukina ta ga ina leƙe, ta miƙo mini adda. Na shiga cikin 'yan unguwa muna sare ciyawar bakin hanya, ga mai kwat da laktaye jiya yau yana kwashe laka. Abin ya tuna mini gayyar noma a Yankara, sai dai babu kiɗa babu fura. Sun yi mamakin yadda na iya riƙe adda, ni kuma na ji daɗin samun abin da zan sara, don in ɗauke hankalina daga abin da ke jirana da rana.

Da lokaci ya yi na tsaya a gaban zaure. Na haska saƙon Malama Saratu a bango, shi kansa, don na adana shi tun ranar. Na ce ga shi, ku manyan aikin ne, ku nemo mini kuskuren. Na fara ja ƙasa. Can sai aka fara dariya ƙasa-ƙasa, don su ma sai da suka ce in koma baya sau biyu kafin wani ya gano. Na ce musu wadda ta samu wannan saƙo ta fi ni lissafi, kuma daga ranar ba ta sake taɓa manhaja ba. Daga nan Turancin da na shirya ya gudu ya bar ni. Ban san lokacin da na kama kunnena da hannu ɗaya ba, yadda Baba ke yi, na ɗaga murya da Hausa: “Jama'a ana cigiya! Jar akuya mai farin goshi, an rabu da ita bakin rumfar masu gishiri, wanda ya gani ya kai wa sarkin kasuwa.” Duk suka zuba mini ido. Na fassara musu, na ce wannan aikin mahaifina ne na shekara da shekaru, kuma bai taɓa farawa da tarihin akuya ba, don mutum a kasuwa numfashi ɗaya zai ba ka. Sannan na haska saƙon da gyarana ke bayarwa. Aka tafa, na ji kaina ya yi girma.

Baba Tomas bai tafa ba. Ya taso da hulata a kansa, ya karɓi kwamfutar ya rubuta wani ɗan misali. A misalinsa mai rubutu bai yi laifin komai ba, kuskuren yana can cikin tamfilet ɗin da wani ya rubuta. Gyarana kuwa ya fito ƙarara ya ce, kuskurenka yana layi kaza, wataƙila ka manta abu kaza. Ya juyo ya ce, ka ga, yanzu mutum zai kwana yana neman laifin da bai yi ba, kuma kwamfaila ne ya yi masa ƙarya. Ya ƙara da cewa akwai manhajoji da yawa da ke karanta saƙonnin nan a tsarinsu na da, in aka juya su za su rikice.

Kunya ta rufe ni. A daidai nan maganar Baba ta huɗu ta dawo mini, wadda na yi watsi da ita a Yankara. Gyarana ba cigiya kaɗai yake yi ba, har da nuna ɓarawo. Na ce a wannan ya yi gaskiya, kuma mahaifina ma ya gargaɗe ni ban ji ba, zan cire zargin da shawarar gaba ɗaya. Ya gyaɗa kai ya juya zai zauna, kamar magana ta ƙare. Na san in ya zauna an rufe gyaran ke nan.

“Baba Tomas,” na ce, “amma a kan abin da za a fara faɗa, ba ka yi daidai ba.”

Wallahi ji na yi kamar na zagi kawuna a gaban masallaci. Na jira ƙasa ta tsage. Shi kuwa sai ya juyo da fara'a, ya ce in ci gaba. Na ce saƙo yana iya faɗin abin da aka nema aka rasa, da layin mai rubutu inda aka fara neman, ba tare da ya ce laifin wane ne ba. Wannan gaskiya ce ko a misalinsa ko a nawa. Jerin tamfilet ɗin kuma ba za a ɓoye ko layi ɗaya ba, zai biyo a ƙasa ga mai bukata. Na ce shi ya shekara ashirin yana karanta saƙon daga ƙasa zuwa sama har ya manta cewa koya ya yi, amma baƙo daga sama yake farawa. Uwase ta miƙe ta ce batun manhajojin da ke karanta tsohon tsari mai sauƙi ne, a bar musu wata alama da za su sa su samu saƙon yadda suka saba. Aka yi ta ja-in-ja kusan awa guda, kowa yana katse kowa, ni ma har na katse wani farfesa ban sani ba. A ƙarshe Baba Tomas ya ce in na cire zargin, na sa alamar, kuma misalinsa ya fito daidai, zai sa hannu kafin ya hau jirgi.

Ranar Lahadi tun hantsi ni da Uwase muka duƙufa a barandar zauren, ƙuli-ƙulina a tsakiya. Ta ce yana da tauri kamar tsakuwa, amma ita ta cinye fiye da rabi. Sau huɗu gwaji yana faɗuwa. Kafin la'asar ya wuce duka. Muka kai wa Baba Tomas, ya sa tabarau ya karanta layi-layi, ya sa na canza kalma biyu, ya gwada misalinsa da wasu uku da ya ɓoye mana. Sannan ya danna karɓa. Na fita waje na yi sujada a kan ciyawa, na tashi ina dariya ni kaɗai. Da muke sallama ya ce nan gaba in ya ƙi gyarana in yi masa musu tun a ranar, kar in sa shi jiran wata takwas. Ya kuma tambaya ko duk hulunan ƙasarmu haka suke sa atishawa. Na ce masa sai masu tsada.

Dawowa ba ta da labari, ban da cewa a Funtuwa mai rake ya miƙo mini a baƙar leda na tsaya ina kallonta kamar ban taɓa gani ba.

Ranar Litinin ta sama na sami Malama Saratu a ɗakin malamai tana duba takardun jarrabawa. Na ajiye kwamfutata a gabanta da sabon kwamfailan a ciki, da manhajar buhunan nan yadda ta bar ta, ban taɓa ko harafi ba. Ta ce ita fa ta bar wannan harka. Na ce danna ɗaya kawai nake roƙo. Ta harare ni ta danna. Saƙon ya fito, ma'anarsa ita ce: a layi na goma sha biyu ana son jera Buhu, amma ba a samu yadda za a kwatanta Buhu biyu ba, cikakken jerin yana ƙasa. Ta karanta sau ɗaya. Ta ja kwamfutar gabanta, ta rubuta layin da ta manta shekara biyu da suka wuce, ta sake dannawa. Buhuna suka jeru, mai danshi a sama. Ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na kasa zama.

“Dama abin da yake son faɗa ke nan?” ta ce. Ta ɗauki jan bironta ta koma kan takardunta. Har na kai ƙofa ta tambaya, ba tare da ta ɗago ba, ko ajin Asabar ɗin yana nan da ƙarfe goma.

Ranar kasuwa na je Yankara. Na sami Baba a zaure, na zauna na ba shi labari tun daga leda har zuwa sujada. Na faɗa masa na yi cigiyarsa a gaban mutanen ƙasashe da yawa an tafa mini. Tafin bai dame shi ba. Da na zo inda Bature ya kama ni da zargi, ya ce ai ya gaya mini. Da na zo inda na ce wa dattijo bai yi daidai ba, ya dube ni, har na sunkuyar da kai. Ya tambaya ko dattijon ne ya ce in faɗa. Na ce shi ne. Ya ce to ba laifi, amma kar in kawo wannan ɗabi'a Yankara. Sannan ya gyara zama.

“Duk na ji wanga. Ita akuyar fa, ta dawo?”

Na ce, “Ta dawo, Baba. Ran Asabar ƙarfe goma.”